Yadda Ake Binciken Sheƙunan Tsuntsaye Kafin a Share Fili

Duk wanda aka ɗora wa aikin duba tsuntsayen wani fili kafin katafila ta shiga, tambaya biyu ake jiran ya amsa: a ina sheƙunan suke, kuma a waɗanne watanni ne masu su ke cikinsu. Dogon jerin sunayen tsuntsaye, komai kyansa a takarda, ba ya amsa ko ɗaya daga cikin biyun. Injiniyan da zai yanke hanya, ko ya shimfiɗa faifan hasken rana, ko ya haƙa magudanar noman rani, abin da zai iya aiki da shi shi ne taswira mai nuna wurin da zai kauce wa da kalandar da ke nuna lokacin da zai dakata.

A Nijeriya, dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta wa masu manyan ayyuka su gabatar da rahoto ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kafin su fara, kuma bayanin dabbobi da tsuntsaye yana cikin abin da rahoton ke ƙunsa. Idan kuɗin aikin rance ne daga Bankin Duniya ko hukumarsa ta IFC mai ba kamfanoni rance, akan ƙara tsanantawa a kan halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Abin da zan bayyana shi ne hanyar da nake bi a filayen Arewa, daga gonakin tudu zuwa fadama, kuma na rubuta shi domin wanda bai taɓa yi ba.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne madubin hangen nesa na hannu, kuma wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa ya fi dacewa, domin yana shigar da haske sosai da asuba kuma ba ya rawa a hannu kamar mai ƙarfi goma sha biyu. Idan ba ka da shi, ka yi aro maimakon ka sayi na wasan yara a kasuwa, wanda zai bar ka da ciwon kai kafin hantsi. Kyamara mai jawo nesa tana iya maye gurbinsa a wajen ƙidayar manyan tsuntsaye, amma ba ta kai shi saurin kama ƙaramin tsuntsu a cikin ganye ba.

Sai taswirar filin. Ka karɓi iyakokinsa daga hannun safiyon da ya kafa fegi, ka ɗora su a kan hoton Google Earth, ka buga kwafi a ƙalla goma a babbar takarda, domin kowace ziyara da tata taswirar. Kana buƙatar allon danne takarda, fensir biyu ko uku (biro yana zuba idan raɓa ta jiƙa takarda), ƙaramin littafin rubutu, agogo, da littafin gane tsuntsayen Afirka ta Yamma mai hotuna. Na'urar GPS tana da kyau, amma waya ma tana ba da lambobin wuri ko babu sabis, muddin ka sauke taswirar tun kana gari kuma ka riƙe abin caji. Manhajar BirdLasser, wadda masu aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya ke amfani da ita, tana ajiye kowane tsuntsu da wurin da aka gan shi, sai dai ban yarda mutum ya dogara da waya kaɗai ba.

Tufafi su kasance masu launin ƙasa ko na ganye. Farar riga tana korar tsuntsu tun daga nesa. Ka sa takalmi mai rufe idon sawu saboda maciji da ƙaya, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zaton za ka sha, da sanda mai tsawon kamu uku ko huɗu wadda aka ɗaura wa ƙaramin madubi a kai don leƙa sheƙar da ta fi ƙarfin ido. Abu na ƙarshe ba a sayensa: mutumin garin da zai riƙa fita da kai.

Mataki na 1: Tsara lokaci

A nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace, saboda haka zan daɗe a kansa. Yawancin littattafan koyar da wannan aiki a Turai aka rubuta su, inda kusan duk tsuntsaye ke sheƙa tsakanin Maris da Agusta, sauran shekara kuma a share fili ba tare da fargaba ba. Wanda ya ɗauko wannan kalanda ya kawo ta ƙasarmu ya ɓata tun kafin ya fita, domin a nan babu watan da ba a samun tsuntsu a kan ƙwai.

Masu damina su ne mafiya yawa. Shamuwa tana isowa da bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta gyara tsohuwar sheƙarta a kan kuka ko tsamiya a cikin gari, kuma tsakanin kwanci da tashin 'ya'ya takan ci wata uku. Belbela, gado, mulufi, kirinjijiya da gauraka duk sai ruwa ya zauna, ciyawa ta tashi, ƙwari sun yawaita. Jan baki yana kafa dandazonsa a dajin ƙaya wajen Agusta zuwa Satumba. Masu rani kuwa, ko da yake ba su kai waɗancan yawa ba, a cikinsu ne ake samun waɗanda suka fi muhimmanci a rahoto. Ungulu tana saka ƙwai ɗaya tak da sanyi, ta kwanta a kansa kusan kwana 50, ɗan kuma ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi, wato bishiyarta a kame take kusan rabin shekara. Shirwa da mujiya da yawancin dangin shaho su ma da rani suke yi, haka nan ƙananan tsuntsayen nan masu cin ƙudan zuma da ke haƙa rami a gaɓar rafi bayan ruwa ya janye. Kurciya kuwa ba ruwanta da kalanda, duk lokacin da ta ga dama take yi.

Don haka nakan nemi ziyara shida a ƙalla: uku da damina, tsakanin Yuni da Satumba, uku kuma da rani, tsakanin Disamba da Maris, tare da tazarar kwana goma ko fiye tsakanin kowace ziyara da mai bi mata. Masu aiki za su ce maka suna sauri, su nemi ka gama cikin mako guda. Na taɓa biye wa irin wannan a farkon shigata aikin. A watan Maris aka kai ni wani fili, na yi kwana uku, na rubuta cewa tsamiyoyin da ke gefen gabas ba su da komai sai tsofaffin tsinkaye. Da na koma a ƙarshen Mayu don wani dalili dabam, sai na tarar da shamuwa a kan kowane reshe, fegin hanya kuma ya riga ya ratsa ta tsakiyarsu bisa ga rahoton da ni na sa wa hannu. Idan dole ta sa aka taƙaita maka lokaci, ka yi abin da za ka iya, amma ka rubuta a shafin farko cewa bincikenka bai shafi ɗaya lokacin ba, ka kuma nemi a sake dubawa kafin sharewa.

Mataki na 2: Gaisuwa da tambaya

Kafin ka taka filin, ka je wurin dagaci ko mai unguwa da takardar aikinka, ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. A wannan zamani baƙon da aka gani da asuba a bayan gari yana hange-hange da madubi yana zane a takarda ba zai rasa wanda zai yi masa mummunan zato ba, saboda haka ka sanar da 'yan sintiri da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ka roƙi mai unguwa ya haɗa ka da mutum ɗaya, kuma nakan ce, "Ranka ya daɗe, tsohon maharbi nake so ko makiyayi, ba ɗan boko ba." Da ɗan gari akan ci gari, kuma waɗannan mutane sun san bishiyar da ungulu ke komawa kowace shekara da kwarin da gauraka ta daina zuwa.

Akwai dabara a wajen tambaya. Idan ka nuna hoto ka ce, "Baba, akwai wannan a nan?", ladabi zai sa ya ce akwai. Ka bar shi ya lissafa da kansa, ka tambaye shi yaushe rabon da ya gani, a kan wace bishiya, ƙwai nawa. Ka sani kuma suna ɗaya na Hausa yakan rufe tsuntsaye da yawa, kamar yadda kurciya ta haɗa iri biyar ko shida. Abin da aka faɗa maka ka rubuta shi a shafi dabam a matsayin labari, har sai ka gani da idonka.

Mataki na 3: Zagayen farko

Wannan fita ce ta sanin wuri, ba ta ƙidaya ba. Ka zagaya iyakar filin gaba ɗaya, ka raba taswira bisa irin wurin: gona, saura, dajin ƙaya, fadama, gaɓar rafi, dutse, kango. Ka sa wa kowace babbar bishiya lamba a taswira tare da sunanta, ka lura da masu kogo. Kada ka tsaya a kan fegi, domin ƙarar injin da ƙura ba su san iyaka ba. Nakan ƙara mita 200 a kewaye, idan kuma akwai fadama ko manyan bishiyoyi a kusa, in kai mita 500. Ka tuna cewa gawo yana zubar da ganye da damina, kuka kuma da rani, saboda haka kowanne akwai lokacin da sheƙunansa ke fitowa fili ba tare da wahala ba.

A wannan zagaye ne za ka zana hanyar da za ka riƙa bi. A filin da bai wuce hekta 50 ba, ka tsara hanyar yadda babu wurin da zai fi mita 50 nisa daga inda ƙafarka ta taka. Idan fili ya fi haka girma, ka zaɓi wuraren tsayawa masu tazarar mita 250 a tsakaninsu, ka rarraba su a kan duk ire-iren wuraren da ka ware, kada ka tara su a gefen hanyar mota don sauƙi.

Mataki na 4: Ƙidayar safiya

Ka kasance a filin da zarar gari ya waye bayan sallar asuba, ka tashi daga aiki kafin ƙarfe goma, domin da rana ta yi zafi tsuntsaye kan yi shiru su shige inuwa. Ba a fita ranar ruwa mai ƙarfi, ko ranar da iskar hunturu ke kaɗa rassa, ko ranar da hazo ya hana ganin bishiyar da ke gabanka. A saman taswira ka rubuta kwanan wata, lokacin farawa da na gamawa, yanayin sama, da sunan wanda ya yi aikin.

Ka yi tafiya a hankali, kamar mai neman abin da ya yar, kana tsayawa kana saurare. Fiye da rabin abin da za ka rubuta kunne ne zai ba ka, don haka kafin ka fara ka zauna da faifan kukan tsuntsayen yankin har ka haddace na gama-gari. Kowane tsuntsu ka gani ko ka ji, ka sa harufa biyu na sunansa a daidai inda yake a taswira, ka ƙara alamar abin da yake yi: da'ira idan yana rera kuka, layi a ƙasa idan kukan tsoro yake yi, kibiya idan wucewa kawai ya yi a sama. Idan ka ji maza biyu iri ɗaya suna kuka a lokaci guda daga wurare biyu, ka haɗa su da layi mai ɗigo-ɗigo. Wannan layi shi ne mafi daraja a taswirar, domin shi ke tabbatar da cewa gida biyu ne, ba tsuntsu ɗaya ba ne ya sauya reshe. Idan a wuraren tsayawa kake aiki, ka ɗan dakata minti biyu bayan isowa wuri ya lafa, sannan ka ƙirga na minti goma cif, ka wuce.

Kurakurai uku ne suka fi kama sabon shiga. Na farko, ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu saboda ya tashi ya sauka a gabanka. Na biyu, ɗaukar murya biyu a matsayin gida biyu alhali mata da miji ne ke amsa wa juna. Akwai wani mai jan ciki da baƙin baya da rawayar hula da ke zama a cikin sarƙaƙiya, namijin ya yi fito macen ta amsa nan take, har ka rantse baki ɗaya ne. Na uku, rubuta baƙin Turai a cikin masu sheƙa. Daga Satumba zuwa Afrilu filayenmu cike suke da tsuntsayen da suka tsallako Sahara, kuma wasunsu kan fara rera kuka kafin su koma, amma a can suke haihuwa. Ka rubuta su a jeri na dabam, domin a wuri kamar fadamar Haɗeja da Nguru su ne ma babban dalilin kare wurin.

A kowace ziyara ka sauya inda za ka fara, don kada gefe ɗaya ya riƙa samun asuba kullum ɗayan ya riƙa samun hantsi. Ka ƙara fita biyu da magariba saboda mujiya da yautai, idan tsaron wurin ya ba da hali. Idan bai ba da hali ba, ka bar waya ko ƙaramin rakoda a ɗaure a bishiya ya kwana yana ɗauka, ka saurara da safe.

Mataki na 5: Auna ƙarfin shaida

Ganin tsuntsu a fili ba ya nufin yana sheƙa a filin. Masu wannan aiki sun kasa shaida gida uku, kuma wajibi ne kowane tsuntsu a rahotonka ya shiga ɗaya daga ciki. Mataki mafi rauni shi ne "mai yiwuwa": ka gan shi a wurin da ya dace da shi a lokacin da ya dace, ko ka ji namiji ya yi kuka sau ɗaya. Na tsakiya shi ne "akwai alama mai ƙarfi": mata da miji tare, ko namiji na kare wuri guda a ziyara biyu, ko barbara, ko ɗaukar tsinke da ciyawa. Na ƙarshe shi ne "tabbas": sheƙa da ƙwai ko 'ya'ya, uwa a kwance, babba ɗauke da abinci yana shiga wuri guda, ko 'ya'yan da ba su gama fiffike ba.

Hanya mafi sauƙi ta kaiwa ga tabbas ita ce zama. Idan ka ga tsuntsu da tsutsa a baki bai haɗiye ba, ka ja baya, ka zauna a gindin bishiya ka zuba masa ido, shi da kansa zai nuna maka gidansa. Cilakowa misali ne mai kyau. Macen takan shige kogon bishiya ta liƙe ƙofar da laka da kashinta, ta bar 'yar tsaga wadda baki kaɗai ke iya wucewa, kuma mutum zai wuce bishiyar sau goma bai lura ba. Amma idan ka ga namijin yana zuwa da fara a baki, ya manne a jikin kututture, ya miƙa ta cikin tsagar ya tashi, to ka samu. Zakaran ƙeƙuwa kuwa a ƙasa yake zuba ƙwai masu launin tsakuwa, kuma ihun da yake yi yana kawo maka sura shi ne shaidarka. Idan ka ga haka ka duba inda za ka sa ƙafa. Wasu masu sheƙar ƙasa kan ja fiffike kamar sun karye don su janye ka daga wurin, kuma wannan ma a tabbas ake sa shi.

Mataki na 6: Masu zaman taro

Tsuntsayen da ke sheƙa a dandazo ba a yi musu da'ira da layi, ƙidaya ake yi. Ga belbela da shamuwa da zalɓe, ka tsaya nesa inda ba za su tashi ba, ka bi bishiya ɗaya bayan ɗaya kana ƙirga sheƙar da ke da mai ita kawai. Ku ƙirga ku biyu kowa da kansa, idan lissafinku ya yi nisa da juna ku sake. Idan kai kaɗai ne, ka ɗauki hoto daga ɓangarori biyu ka ƙirga a kwamfuta.

Gado yana yaudarar mutane ƙwarai. Namiji ɗaya yakan saƙa sheƙa da yawa a damina guda, macen ta duba ta ƙi wasu, saboda haka bishiyar da ke rataye da sheƙa ɗari ba ta nufin gida ɗari. Ka ƙirga ɗanyu masu kore dabam, busassu dabam, sannan ka zauna rabin awa ka ga nawa ne mata ke shiga. Haka abin yake ga masu cin ƙudan zuma da ke ramin gaɓa: ramin da ake amfani da shi yana da sawun ƙafa biyu a bakinsa da sabuwar ƙasa a ƙarƙashi, tsoho kuma yanar gizo ce ke rufe shi. Masanin tsuntsaye Hilary Fry, wanda ya yi nazarin masu jan maƙogwaro daga cikinsu a Zariya, ya nuna cewa sau da yawa akwai na uku da ke taya iyaye ciyar da 'ya'ya, don haka ramuka ake ƙirgawa, ba masu shiga ba.

Mataki na 7: Ladabin kusantar sheƙa

Yawancin lokaci ba ka buƙatar zuwa kusa. Idan ya zama dole ka leƙa, ka yi amfani da sanda mai madubi, ka gama cikin minti ɗaya, kada ka taɓa ƙwai, kada ka karya reshen da ke yi mata inuwa. Ba a tayar da uwa da tsakar rana, domin zafin bazara yana kashe ƙwai cikin ɗan lokaci. Ka duba ko hankaka na kallonka, don yana bin sawun mutum, kuma ka fita ta wata hanya dabam da wadda ka shigo don kada ka bar turba mai ƙarewa a bakin sheƙa. Kada ka ɗaura jan ƙyalle a kan bishiyar. Idan kana son alama, ka sa ta nesa da taku ashirin ka rubuta ɓangaren a littafi. Kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito ba abin yi ba ne a lokacin sheƙa.

Game da ungulu akwai ƙarin gargaɗi. Tun 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sa ungulun da muka saba gani a mahauta cikin masu gab da ƙarewa, kuma babban abin da ya cinye ta a ƙasarmu shi ne cinikin sassan jikinta da ƙwanta don tsibbu. Idan ka sami sheƙarta, kada ka yi zumuɗi a gaban jama'a, kada ka sa hoton da wurin a intanet, kuma a rahoto ka ware lambobin wurin a takardar da hukuma da injiniyan aikin kaɗai za su gani.

Mataki na 8: Haɗa taswira da rubuta rahoto

Bayan ziyarar ƙarshe, ka ɗauki taswira sabuwa ga kowane irin tsuntsu, ka kwashe duk alamominsa daga taswirorin ziyara, kana sa harafin da ka ba kowace ziyara a maimakon sunansa. Za ka ga alamomin sun taru gungu-gungu. Gungun da ke da alama daga ziyara biyu ko fiye masu tazarar kwana goma shi ake ɗauka gida ɗaya, kuma layukan ɗigo-ɗigo su ne za su raba maka gungun da suka manne. Duk tsuntsun da ka kasa ganewa ka tura hotonsa ko muryarsa ga masana, misali na cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos, maimakon ka yi masa suna da ka.

Rahoton ya fara da yadda aka yi aikin, ranakun da aka fita da waɗanda ba a samu fita ba, sannan jerin tsuntsaye da matakin shaidar kowanne da matsayinsa a jerin IUCN. Bayan haka sai abin da injiniya zai buɗe kai tsaye: taswira guda mai launi uku, ja ga wurin da ba za a taɓa ba, rawaya ga wurin da za a taɓa a wani lokaci kawai, kore ga sauran, da jadawalin watanni goma sha biyu a gefenta. Shawara ta bi tsari: a fara neman kauce wa wurin, in bai yiwu ba a rage ɓarnar, a gyara abin da aka taɓa, sannan a zo maganar musanya. Ina faɗa wa masu aiki cewa karkatar da hanya da 'yan mitoci a takarda ya fi arha a kan duk wani dashe, domin kukar da ta yi kogon cilakowa ta girmi kakan mai kwangilar. A yawancin filayen tudu nakan ba da shawarar a yi sharar ciyawa da ƙananan itatuwa bayan kaka, wajen Nuwamba, manyan bishiyoyi kuma a yanke hukunci a kan kowace ɗaya bisa abin da ke kanta.

Mataki na 9: Ranar sharewa

Rahoto yakan tsufa, domin kurciya tana iya gina sheƙa ta saka ƙwai cikin 'yan kwanaki. Saboda haka kwana ɗaya ko biyu kafin katafila ta shiga kowane yanki, ka sake bin sa a ƙafa, ka leƙa kowace sarƙaƙiya da kowane kogo. Da safen ranar ka tara direbobi da leburori, ka gaishe su, ka nuna musu hotuna uku ko huɗu na abin da za su iya cin karo da shi, ka ba shugabansu lambar wayarka. Ka yi wa direban katafila magana da girmamawa, ka kira shi maigida ko malam, domin daga kujerarsa yana hango abin da kai ba ka hangowa, kuma idan ya ɗauke ka ɗan sa-ido ba zai faɗa maka ba.

Idan aka sami sheƙa mai rai, a kafa turaku a kewaye ta da igiya, a ci gaba da aiki a wani gefe. Nakan bar mita 10 zuwa 20 ga ƙananan tsuntsaye, mita 100 ko fiye ga dandazo da ungulu da dangin shaho, sannan in tsaya in kalli uwar: idan ba ta dawo ba alhali injin na aiki, to tazarar ta yi kaɗan, a ƙara. Ba a ɗauke sheƙa a mayar da ita wata bishiya, domin iyaye ba safai suke bin ta ba. Ka gaya wa ɗan kwangila tsawon jiran tun da wuri don ya tsara aikinsa: kurciya wajen wata ɗaya daga ƙwai zuwa tashi, shamuwa wata uku, ungulu har zuwa bazara. Ka riƙa dubawa daga nesa duk bayan kwana uku ko huɗu, kuma ba a cire igiyar sai ka ga sheƙar babu kowa a ziyara biyu a jere, ka rubuta ranar, ka sa hannu, shugaban ma'aikata ma ya sa nasa.